Tumatirin da Na Hana Ɗalibaina Bincikawa

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da nake koyar da kimiyya a wata makarantar kuɗi kusa da GRA a nan Bauchi, ni malama ce mai ji da kanta. Ina gama manhaja kafin kowa, ɗalibaina suna cin jarrabawa, kuma duk yaron da ya yi mini tambayar da ba ta cikin littafi, harara ɗaya ta ishe shi. Da sabuwar shugabar makaranta ta ce a bar wa yara darasin ƙarshe na ranar Alhamis su zaɓi abin da suke son bincikawa, a ƙarshen zango su nuna wa iyaye, a fili na ce madalla, a zuciya kuwa na ce wannan baiwar Allah ba ta da aikin yi.

A ajina akwai wata yarinya 'yar ƙauyen Inkil mai yawan tambaya, mahaifiyarta tana noman tumatir tana kaiwa kasuwar Muda Lawal. Ita ta ɗaga hannu ta ce tana son sanin abin da ke sa tumatir saurin ruɓewa, don babarta takan dawo da rabin kwando ta zubar. Nan take ajin ya ɗauka. Wani ya ce a gwada ajiye shi cikin randa, wata ta ce kakarta toka take barbaɗa masa. Ban taɓa ganin su cikin ɗoki haka ba. Ni kuwa abin da nake hangowa shi ne iyaye masu hannu da shuni sun fito daga motocinsu, ajin da ke kusa da mu yana nuna kwamfuta, mu muna gadin ruɓaɓɓen tumatir muna korar ƙudaje. Da Alhamis ta zagayo na ce musu an canza, duniyoyin da ke kewaya rana za mu yi. Na ba kowa abin da zai haddace, na ja kunnensu cewa in an tambaya, su ce su suka zaɓa.

Ranar taron iyaye, shugabar ta tsaya a wurinmu ta yaba, sai ta tambayi yarinyar nan abin da ya ja hankalinsu ga wannan bincike. Yarinyar ta dube ni, ta dubi wata mata da ke bencin baya da rufaffen kwano a cinya, sannan ta karanto ƙaryar da na koya mata ba gargada. Aka tafa. Bayan an watse matar ta zo ta gaishe ni har da rusunawa, ta ce ita ce mahaifiyarta. Wai tun farkon zango 'yarta ta gaya mata ajinsu na nemo mata mafita, shi ya sa ta bar kasuwa ta zo da tumatir, mai kyau da wanda ya fara lalacewa, ko za a buƙata. Ashe kunya ce ta hana yarinyar gaya mata an canza. Matar ba ta yi ƙorafi ba, addu'a ma ta yi mini. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Babu wanda ya gano ni, yabo ma na sha. Amma yarinyar ba ta ƙara ɗaga hannu ba. Zango na gaba na ce su zaɓa, wannan karon tsakani da Allah, sai ajin ya yi tsit. Na kira ta da kaina, ta miƙe cikin ladabi ta ce duk abin da Malama ta zaɓa shi ne daidai.

Har yau kunyar wannan amsa ba ta sake ni ba, don ni na koya mata ita. Na gane tambayar yaro daga gidansu take fitowa, in ka raina ta, gidan ka raina. 'Yan uwana malamai, in an ce ku ba yara zaɓi, ku ba su da gaske, ko kuwa ku fito fili ku ce ba za ku iya ba. Ni dai an kawo mini yarinya mai tambaya, na mayar wa uwarta da mai jiran a gaya mata.