Ƙafar Vado da Sunan Bira

A garinmu da ke can ƙuryar jihar Seyara, inda ruwan sama ke yi mana rowa, in ka tambayi Genivaldo ba wanda zai gane wa kake nema. Ka ce Vado mai sassaƙa. Aikinsa sassaƙa gaɓoɓin mutum da itace: hannu, kai, ƙafa, har da zuciya. Duk wanda ya yi wa Waliyyi Faransisko alkawari yana cikin ciwo, ya kuma samu sauƙi, wurin Vado yake zuwa a sassaƙa masa siffar inda ya warke, ya kai garin Kaninde ya rataye a ɗakin mu'ujizai. Hannun Vado na da kyau, amma ka yaba masa ka ga yadda zai taɓe baki. Shi ba hannu yake so a yaba ba, ƙafarsa ta hagu yake so a tuna.

Suna samari, shi da Ubiratan, wanda muke ce wa Bira, tare suke buga ƙwallo a kan yashin kogin da ya ƙafe. Vado ba ya sa takalmi. Babban yatsansa na hagu ya karkace saboda dukan duwatsu, farcen ya tsage biyu, amma da wannan yatsan yake murza ƙwallo ta bi ta bayan mai tsaron gida kamar ya aike ta. Bira kuwa a baya yake tsayawa, ƙato, ba abin da ya iya sai ya doka ƙwallo sama kamar yana faɗa da ungulu.

Sai aka kira su gwajin ƙwallo a Fortaleza, babban birnin jiharmu. Can aka ce ba mai shiga fili ba takalmi. Bira yana da nasa, kawunsa ya saya masa. Vado ya ari na wani, ya matse masa karkataccen yatsan nan, ya wuni yana ɗingishi kamar agwagwa. Aka ɗauki Bira, aka ce wa Vado ya gaida gida.

Daga nan Bira ya yi ta tafiya. Fotugal, Turkiyya, har Japan. Duk ranar da za a nuna wasansa, gari kan taru a shagon shan kofi da giya na Seu Nonato, gaban talabijin. Vado ba ya fashi, kuma ba don ƙauna ba. Yakan zauna a kujerar baya yana jiran Bira ya yi kuskure.

"Kun gani ko? Ƙwallo a ƙafarsa kamar an ba jaki jita!"

"To kai da ka iya, me kake yi a nan?" in ji Nonato. "Tashi ka je Japan mana, ga mota can tana lodi."

A yi ta dariya. Vado ya yi tsaki ya koma gida, ya ƙi cin shinkafa da waken da matarsa Zuleide ta ajiye masa. Ƙyashi ne, ba wani suna da za a ba shi, kuma ya ci shi har ya yi furfura. Ba gidan benen da Bira ya gina wa uwarsa ne ke damunsa ba, ba kuma motar ba. Abu ɗaya yake so a duniya: wani ya buɗe baki a gaban mutane ya ce Vado ya fi Bira iya ƙwallo. Waɗanda suka ga wasan yashi sun mutu ko sun yi ƙaura, sauran kuma sun ɗauke shi mai cika baki.

Da ƙafa ta gaji, Bira ya dawo ya zama koci. A kore shi nan, a ɗauke shi can, Vado na murna da kowace kora. Kwatsam ya karɓi wata ƙaramar ƙungiya da kowa ya yafe, ya hau da ita rukuni na sama. Jihar ta ɗauka. A shekarar kuma gwiwarsa ta dama ta ƙi, aka yi masa aiki, likitoci suna cewa da ƙyar ya sake takawa ba sanda. Uwarsa, Dona Perpetuwa, ta yi wa waliyyi alkawari. Bira ya miƙe garau.

Tsohuwar ta zo rumfar Vado tana dogara sanda, idanunta duk sun yi hazo.

"Ɗana, ƙafa nake so, tun daga cinya har yatsu. Ka yi ta da kyau, ɗan'uwanka ne zai ɗauka a kafaɗa."

"To, Inna," in ji Vado, haƙoransa a cije.

Ya zaɓi itacen umburana mafi kyau da yake da shi. Ya zauna, ya naɗe wandonsa, ya miƙe ƙafarsa ta hagu a kan benci, ya kama aiki yana kallonta. Bai taɓa yin aiki da natsuwa irin wannan ba. Ya fitar da jijiyoyin sharaɓa, ya karkata babban yatsa, ya tsaga farcen biyu. A ransa yana cewa, tunda duk jihar za ta taru ta kalli ƙafa, to yau sai ta kalli ƙafar da ta cancanta.

Zuleide ta kawo masa kofi, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Maigida, wannan yatsan na san shi. Shi ke yaga min zanen gado tun ina amarya. Kuma ai gwiwar dama aka yi wa Bira aiki."

"Waliyyi ya san wadda ya warkar."

"Kai dai ka ji kunya! Da tsufanka za ka yi wa waliyyi wayo?"

Ya ci gaba da aikinsa. Da wuƙa mai zafi ya ƙona sunan Bira a cinyar, kamar yadda ake yi wa kowa.

Lokacin bikin waliyyi, gari ya hau manyan motoci zuwa Kaninde. Vado ya bi da buhun hajarsa kamar kullum. Ga Bira a bakin ɗakin mu'ujizai cikin doguwar riga ruwan ƙasa ta masu cika alkawari, ƙafar katako a kafaɗa, 'yan jarida da magoya baya sun yi masa zobe. Vado ya raɓe jikin bango. Yana so a gane, yana kuma tsoron a gane.

Bira ya hango shi. Ya ratso mutane, ya ja shi bayan ginin inda ake ƙona kyandir, ba kowa sai hayaƙi.

"Mutumina, ni za ka yi wa wannan?" Ya ɗora yatsa a kan tsagaggen farcen. "Tun da Inna ta kwance tsumman da ka naɗe ta da shi na gane ta. Ni da na yi shekaru a bayanka ina kallonta?"

Vado ya buɗe baki zai yi musu.

"Bari. Na buga da manya a ƙasashe uku, ban ga ƙafar hagu irin wannan ba. Ka san sau nawa na tsaya ni kaɗai bayan atisaye ina gwada murzawar nan taka? Ban taɓa iyawa ba, wallahi. Har haushinka nake ji."

Idanun Vado suka ciko. Ya kama hannun rigar Bira.

"To zo ka faɗa can. Ga su Nonato can, ga masu kyamara. Kalma ɗaya kawai, Bira."

Bira ya kalli taron, ya kalli ƙafar, ya gyara ta a kafaɗa.

"Haba, ɗan'uwa. In na faɗa, Inna za ta san ba ƙafata aka kawo ba. Ka bar tsohuwa ta cika alkawarinta."

Ya juya ya tafi. Ko don uwar ne, ko don kansa, Allah kaɗai ya sani. Vado na tsaye yana kallo aka rataye ƙafar a wuri mafi kyau, mutane na tafi.

A motar dawowa ya kasa haƙuri, ya ba su Nonato labarin abin da Bira ya ce. Dariya har da masu riƙe ciki.

"A ina ya faɗa maka? Bayan kyandir? Kai, Vado, hayaƙi ya bugar da kai!"

Har yau ƙafar na nan a Kaninde. Magoya baya kan shafa karkataccen yatsan kafin babban wasa, ya yi sumul yana ƙyalli. Kowace shekara Vado kan je ya tsaya a gabanta, cikin silifas, nasa yatsan a waje ba mai kallo. Bara wani mutum ya taɓo shi yana nuna katakon.

"Baba, dubi ƙafa! Da ganin wannan ka san an haife ta don ƙwallo. Ka taɓa ganin Bira yana wasa?"

"Na gan shi," in ji Vado. "Amma wannan ƙafar ba ta taɓa zuwa ko'ina ba."