Fartanyata a Gindin Kawo

Ni ne na yi ɓarnar, ba awakin Inna Tabawa ba. Gara in faɗa tun farko.

Muna yara a ƙauyenmu kusa da Kurfi, kafin a samu mulkin kai, kakarmu Iya Delu ke yi mana tatsuniya bayan sallar isha'i. Da damina takan hura wuta a ɗakinta, tana gasa mana masara, ruwa na zuba a waje, mu kuwa muna ture juna don neman kusa da ita.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Kawo da Naman Kaza. Wai itacen Kawo ya yi tsawo har ya kasa sunkuyawa ya sha ruwa, Naman Kaza kuma gajere ne, hannunsa bai kai ga rana ba balle ya dafa abinci. Sai suka ƙulla amana a ƙarƙashin ƙasa: shi ya riƙa ɗebo wa saiwar Kawo ruwa da siraran zarensa, Kawo ya riƙa sauko masa da tuwo.

"Shi ya sa da yatsu ake tsinkarsa, a mai da ganye a rufe," in ji Iya. Ta dungure mini kai. "Ka ji, maigida? Kai da kwaɗayi kamar kura!" Muka fashe da dariya.

Ban ji ba. Miyar naman kazar Iya ta fi ta nama daɗi, kawon da naman kazan ke tsirowa a gindinsa kuwa yana can bakin rafi. Wata safiya na ɗauki fartanya, na kwashe ƙasar gindinsa har da fararen zaren, na zuba gindin durumin ƙofar gidanmu, wai in samu kusa. Ko ɗaya bai tsiro ba. Can gindin kawon ma ya ɗauke. Iya ta ɗora laifin kan awakin aminiyarta Inna Tabawa. Damina biyu ba su raba goro ba, ni kuwa na ɓoye laifina.

A ta uku naman kazan ya dawo gindin kawon. Iya ta shigo gida da faifai cike, tana rawa tana guɗa. Ta yi miya, ta zuba a kwano, ta ce mu je mu kai wa Tabawa. Har yau in na tuna, nakan ga cewa amana biyu na tone da fartanya ɗaya, kuma duk wadda ke ƙarƙashin ƙasa ta fi wuyar gyara.

Na tarar da kaina durƙushe tsakaninsu, suna ta dariya suna lasar yatsu.

"Iya, Inna," na ce, "ba akuya ba ce. Ni ne, da fartanya. Don Allah ku yafe mini."