Layin da Sabi'u Yake Cirewa

Shekara bakwai ke nan a wannan damina da muka kai ƙanena Malam Sabi'u makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na saba idan lokacin ya zagayo in tara iyalinsa mu yi masa addu'a, a raba ɗan abin sadaka, kowa ya kama gabansa. Bana ne na ga ya kamata in yi magana da masu karatu, domin saura ƙiris mu binne shi karo na biyu, kuma ni aka miƙa wa shebur.

Ni malamin allo ne. Da ajami nake rubutu, da shi nake ajiye abin da nake tsoron mantawa. Sabi'u kuwa boko ya yi, ya zama malamin Turanci a firamare. Ya koyar a ƙasar Kiru, ya koyar a Bebeji, daga baya aka dawo da shi ƙauyenmu da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa, inda idan gari ya yi sarari ana hango duhun dajin Falgore. Abin da ya hana shi sukuni shi ne yaro ya kai ajin ƙarshe yana rera haruffan Turanci kamar waƙar gaɗa, amma a nuna masa rubutun jikin buhun taki ya tsaya yana kallon ƙasa. Saboda haka ya buɗe ajin yamma a zauren gidan mahaifinmu, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, lokacin da bai ci karo da gona ko makarantar allo ba.

A wancan lokacin babu sabis a garinmu ko ɗigo. Duk Asabar sai ya hau babur ya tafi Tudun Wada, ya zauna a rumfar mai cajin waya, ya shiga intanet yana neman shafukan da malaman wasu ƙasashe suke ɗora darussan yara: gajerun labarai masu hoto, waƙoƙin koyon sautin haruffa, da bidiyon da ake karanta labari ana bin kalmomin da yatsa. Ba ya sauke ko ɗaya sai ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Wanda ya ga bai dace da tarbiyyarmu ba, ko Turancinsa ya fi ƙarfin yaran, sai ya bar musu abinsu a can. Yakan dawo wani lokacin a jiƙe sharkaf, wayar na naɗe cikin leda a ƙirjinsa.

Akwai wata ɗabi'arsa da na daɗe ina yi wa dariya. Kullum idan ya iso bakin zaure, kafin ya yi sallama da yaran, sai ya buɗe bayan wayar, ya zare layin, ya soke shi a naɗin hularsa. Wata rana na ce masa, “Kai Sabi'u, garin da ko kiran gaisuwa ba ya shiga, me kake cirewa?” Ya ce, “Yaya, ai ba don yau nake yi ba. Ranar da sabis zai zo garin nan ba zai yi mana sallama ba. Gara ya tarar hannuna ya saba.”

Abu na biyu, ya ari ƙa'idarmu ta makarantar allo, cewa ba a wanke allo sai an biya karatu. Mun ɗan saɓa a kan wannan, don na ce masa allon da ake rubuta Alƙur'ani ba a rubuta wani abu a kansa. Bai yi musu ba. Ya je wurin kafinta aka yanko masa 'yan katakai masu kusurwa huɗu, marasa mariƙi, aka shafa musu baƙin fenti yadda ba mai ɗaukarsu a allon karatu. Idan an gama kallon darasi sai a kashe waya, kowane yaro ya kwafi layukan ranar da alli, ya zo gaban malam ya karanta yana nunawa da yatsa, ya faɗi ma'anarsu da Hausa, sannan a ba shi tsumma ya goge. Sabi'u yakan ce waya allo ce mai wanke kanta, ba ta jira a biya mata.

Ciwon kwana kaɗan ya ɗauke shi. Babbar 'yarsa Rukayya, wadda ta yi kwalejin horon malamai kuma take aure a cikin garin, ta ce ajin babanta ba zai mutu ba. Ta riƙe shi da gaske, har yaran suka ninka. Sannan aka zo aka kafa ƙarfen sabis a bayan kasuwarmu. Yanzu daga kan tabarma ana samun abin da Sabi'u yake sha ruwan sama ya je nema. Akwai manhajar da yaro zai karanta mata jimla ta saurare shi ta gyara masa furuci. Akwai littattafan yara da ba su ƙirguwa, kyauta. Nakan tambayi kaina, da yana raye me zai ce? Na san zai yi murna, don shi ba mai ƙin sauƙi ba ne. Amma ina jin da ya ƙara danna hularsa a ka.

Ran nan, ana tsakiyar shuka, Rukayya ta jingina wayar a kan kujera ta kunna wa yara labarin wata akuya da ta ɓata. Aka leƙo daga cikin gida aka ce jaririnta yana ta amai. Ta tashi da gudu, ta bar wayar tana yi. Labarin akuya ya ƙare, wayar kuwa ba ta tsaya ba, ta wuce da kanta zuwa abin da ke gaba, daga nan ta wuce zuwa wani. Ko da Rukayya ta dawo, yara sun yi cincirindo a kan rawar wasu maza da mata masu shigar da ba zan bayyana a jarida ba. Washegari kiɗan yana bakin yara a wurin famfo. Malam Buba, makiyayi ne da ya daɗe da zama a gefen garinmu yana noma yana kiwo, ya dawo daga daji ya tarar da 'yarsa Habi tana gwada wa ƙannenta rawar a bayan bukka. Bai daki kowa ba. Ya dai ce 'ya'yansa uku sun bar zauren nan har abada. Kafin mako ya zagayo rabin ajin ya watse, mai unguwa kuma ya aiko cewa za a zauna bayan sallar Juma'a a yanke ko za a garƙame zauren. Ya ƙara da cewa tunda gidanmu ne, kuma ni ne malamin 'ya'yansu, abin da na faɗa shi za a bi.

Ban taɓa jin nauyin kalma kamar na waɗannan kwanaki ba. Idan na ce a bar aji, za a ce Malam ya fifita jininsa a kan tarbiyyar 'ya'yan mutane, kuma ni kaina ban tabbata ba haka ba ne. Idan na ce a rufe, to da bakina na tura ƙasa a kan abin da ƙanena ya bari. Na shiga zauren ni kaɗai ina dubawa. A kusurwa na ga katakan Sabi'u a jibge, gizo ya yi saƙa a kansu. Na sa aka kira Rukayya, ta zo ta durƙusa.

Na ce, “Yaushe rabon a taɓa waɗannan?”

Ta ce, “Baffa, yaran sun yi yawa. Kuma wayar tana yi musu komai, har gyaran furuci.”

“Layin fa?”

Ta girgiza kai, hawaye na zubo mata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba mugunta ce ta tsaga namu ba, sauƙi ne.

Ranar Juma'a aka cika ƙofar gidan mai unguwa. Rukayya tana daga cikin soro inda za ta ji komai. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Tanko mai shago, wanda shi ma ya janye 'ya'yansa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, maganar nan ba ta da tsawo. Mun kai su koyon karatu, an koya musu karkaɗa ƙugu. A sa kwaɗo kawai.” Mutane da yawa suka ce haka ne. Mai unguwa ya dube ni ya ce, “To Malam, muna saurare.”

Na yi bisimilla, na ce 'yata ta yi kuskure, kuma kuskuren ya fi wanda suka sani. Na gaya musu an daina cire layi, an daina biya karatu a kan katako, kuma ina zargin a cikin yaran akwai masu rera Turanci tiryan-tiryan da ba za su iya karanta layi ɗaya ba. Wurin ya ɗau guna-guni. Mijin Rukayya ya sunkuyar da kai. Tanko ya ce, “Kun ji ko? Da bakinsa.” Na bari suka lafa, sannan na ba su labarin yadda Sabi'u yake yi, tun daga rumfar mai caji har naɗin hula. Na ce, “In kun ce a rufe, ni zan sa kwaɗon da hannuna. Sai dai ku sani rufe zaure ba zai tumɓuke ƙarfen bayan kasuwa ba. Wayar nan tana aljihunku, tana ɗakunan matanku, kuma a can babu mai kashe ta ya ce a zo a biya.”

Na ga fuskokin ba su saki ba, na sallama cewa an gama. Sai Malam Buba ya gyara riƙon sandarsa. Ya ce, “Mu ba ma barin maruƙa su bi garke cikin daji. A igiyar dangwali muke ɗaure su a gida, a je a yanko musu ciyawa a kawo. Na ji marigayi haka yake yi. Tambayata ɗaya ce, yanzu wa zai duba abin da aka yanko? Yarinyar nan ita kaɗai ce, ga goyo.” Ya ƙara da cewa, “In za a bar ni in gani da idona kafin 'ya'yana su gani, zan mayar da su.”

Tanko ya kwashe da dariya. “Kai Buba, kai da Hausar ma ba ta gama zama a bakinka ba, Turanci za ka tace?”

Malam Buba ya ce, “Ba na jin Turanci, Tanko. Amma tsiraici ba ya buƙatar tafinta.”

Aka yi dariyar da ta sassauta wurin. Mai unguwa ya yanke cewa a bar ajin zuwa kaka a gani, bisa sharaɗin Malam Buba da ƙa'idar marigayi. In aka sake, a rufe kawai, ba sai an zauna ba.

Ba kowa ne ya dawo ba. 'Ya'yan Tanko har yau ba su tako zauren ba, kuma ban ga laifinsa ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Duk Asabar da hantsi Malam Buba yana zuwa, mu zauna a tabarma ni da shi, Rukayya ta kunna mana darussan mako. Yana kallon waƙar haruffa da fuska a murtuke kamar mai duba saniyar da zai saya, ba ya tashi sai an kai ƙarshe. Akwai wani labari da ni ban ga aibinsa ba, shi ya ce a cire, don yaron ciki ya ture kwanon abinci a gaban uwarsa kuma ba wanda ya tsawata masa. Aka cire. An wanke katakan an raba. Zargina ya tabbata, wasu daga cikin gwanayen rera waƙa sai da aka mayar da su farkon haruffa, har da Habi. Makon jiya ta karanta layukanta huɗu da waya a kashe, ta faɗi ma'anarsu da Hausa, ta juya ta faɗa wa ubanta da Fulatanci. Rukayya ta miƙa mata tsumma.

Da ajami na rubuta wannan. Rukayya ce ta juya shi zuwa boko, na kuma sa an karanta mini, ba ta rage ko kalma ɗaya daga laifinta ba. A nan na ga ubanta.

Idan na auna abin da Sabi'u ya bari, ba wayarsa ba ce, ta daɗe da mutuwa. Darussan da ya sha wuya ya tara ma an samu waɗanda suka fi su. Abin da ya saura ɗan motsin hannu ne a bakin ƙofa, wanda na yi wa dariya shekaru, na babban da ya yarda ya fara gani kafin yaro ya gani. Kaka ba ta zo ba tukuna, ban san abin da Allah zai hukunta ba. Amma kowace yamma Rukayya tana tsayawa a bakin zaure ta zare layin ta ba ni, in soke shi a naɗin hulata. Can sai ga Malam Buba riƙe da hannun ƙananan biyu, Habi na biye. Mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi shanu. Sannan ya ce, “Malam, an cire?”

In taɓa hulata in ce, “An cire.”

Sai ya saki hannunsu.