Zabuwar Baba da Harsashi Lamba Huɗu

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanya daga Garki, ni da abokina da ke zaune a Maitama, kowa da bindigarsa mai baki biyu a kwance a bayan mota, lasisi a aljihun gaba. Ku da kuka san ni kun san ina son daji, amma wannan fitar ba ta nishaɗi ba ce. Mahaifina ne aka yi wa aiki a ciki, aka sallamo shi zuwa gidana, sai ya ɗaure baki ya ƙi cin abinci. Likita ya ce in bai ci ba ɗinkin ba zai kama ba, asibiti za a mayar da shi. Abu ɗaya Baba ya ambata da bakinsa, farfesun zabuwar daji. Maiɗakina ta yi dabara ta sayo ta kasuwa, ya kurɓi romon sau ɗaya ya ture kwanon. “Wannan dusa ta ci ta girma,” in ji shi. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana farauta ba a yi masa irin wannan wayon.

Titin Kubwa fayau yake a wannan lokacin, sai tifofin yashi da ke tsere da juna. Tun da farar hula suka karɓi mulki garin nan bai huta da gini ba, filin da ka wuce jiya yau za ka tarar an aza masa bene. A Dei-Dei muka tsaya wurin mai shayi, tsakanin manyan motocin siminti da na shanu. Ƙwai da burodi sun yi tsada har na tambaye shi ko kajin ma an ƙara musu albashi. Ya yi dariya ya ce, “Oga, Abuja ce fa.”

A kan bencin mai shayin muka soma musu. Abokina ya buɗe jaka ya nuna min harsasansa, BB zalla, irin masu ƙwayar dalma manya kamar ƙwayar dawa. A ganinsa duk abin da ya fi girma ya fi kisa. Ni kuwa iri biyu na ɗauko, lamba shida da lamba huɗu. Ga wanda bai sani ba, lamba tana hawa ƙwayar tana ƙanƙancewa. Shida kamar gero take, tana da yawa a cikin harsashi, tana bazuwa ta rufe wuri, ita ce ta fakara da kurciya da duk abin da zai tashi kusa da ƙafarka. Huɗu ta ɗan fi ta kauri, tana kai wa nesa da ƙarfinta, ita ce ta zabo da zomo. BB kuwa ƙwayoyinta kaɗan ne, daga nesa tsuntsu sai ya bi ta tsakaninsu ya wuce, daga kusa kuma ta yi kaca-kaca da naman. Na zayyana masa duk wannan kamar yadda Baba ya koya min, ya kaɗa kai ya ce, “Malam, wannan duk tiyori ne. Bari mu je fil, a daji za a gani.”

Bayan Zuba 'yan sanda suka tare mu. Ɗaya ya juya lasisin gaba da baya, ya leƙa bindigogin, ya ce in mun dawo kada mu manta da shi ko da cinya ce. Muka bi ta Gwagwalada, muka saki kwalta muka shiga wata hanyar jar ƙasa da damina ta gama zaizayewa. Matan Gbagyi na tafe a gefe da kayan doya a kafaɗa, ba sa ɗora kaya a ka. Doyar da ake yi mana yanga da ita a kasuwar Garki, a nan tsibi-tsibi take a bakin hanya, arha kamar a roƙe ka ka ɗauka.

Mai gonar da ya gayyace mu dattijo ne, mun san juna tun wata farauta da ta kai ni ƙauyensu. Ya yi murna da ganin bindiga fiye da ganinmu, don tsuntsaye sun addabi gyaɗarsa. “Zabi yana zuwa da yawa, yana tona min gyaɗa,” in ji shi da 'yar Hausarsa, “amma yana da wayo. In ya ji ƙara sau ɗaya, ya tafi rafi.” Na sa shida a bakin dama, huɗu a bakin hagu, muka shiga gona raɓa na jiƙa mana wando.

Ba mu yi nisa ba fakaru suka tashi fir a gabanmu. Na riƙe hannuna, don ba su na zo nema ba. Abokina kuwa ya saki wuta, dam! dam! Fakara ta farko ta wuce abinta ko gashi bai zuba ba. Ta biyu da ke dab da shi ta gamu da BB, da muka je ɗauka sai fuka-fuki da ƙafa ɗaya, babu wurin da za a sa wuƙa. Ya ɗaga ƙafar yana kallo, mai gona ya juya baya yana dariya a ɓoye. Ni ban yi dariya ba. Daga can ƙarshen gona na ji kukan zabi suna gudu, raina ya ɓaci ƙwarai.

Haka muka bi su zuwa rafi, rana na ɗagawa, zufa na bin baya. Ina tafe ina tuna yadda na bar Baba, ya juya fuska bango, wuyansa ya zama siriri. Wani zomo ya fito daga cikin ciyawa ya tsaya yana kallonmu, ƙato, ga huɗu a bindigata daidai shi. Abokina ya soma ɗaga tasa, na dafe masa hannu. “Don girman Allah, bari,” na ce masa a hankali. Muka bar zomo ya yi tafiyarsa.

A bakin rafi mai gona ya tsuguna ya yi nuni da haɓa. Ga su can ƙarƙashin wata ɗorawa, suna kiwo suna ɗaga kai. Tsakaninmu da su fili ne, babu abin fakewa. Na ja ciki na ɗan matsa, sai babban cikinsu ya yi kuka, suka tashi gaba ɗaya, nesa da inda shida za ta yi wani abin kirki. Yatsana ya tsallake kunamar gaba ya kama ta baya, mai tayar da huɗun da ke bakin hagu. Na zaɓi guda da ta ware gefe, na sha gabanta da bakin bindiga, na yi bisimilla na danna. Ta naɗe a sama ta faɗo tim.

Rabon da in yi gudu irin wannan tun ina makarantar sakandare. Na same ta da ranta, na fuskanci gabas na yanka. Zabuwa ce mai ƙiba, ƙirjinta lafiya lau, ƙwaya kaɗan ce ta same ta a wuya da fiffike. Na ɗaga ta sama na yi kabbara, mai gona ya buga tafi. Abokina ya matso yana sosa ƙeya. “Malam, ara min irin wannan huɗun naka mana.” Na ba shi, kuma kafin azahar ya sami zomo da ita, muka bar wa mai gona, shi kuma ya cika mana bayan mota da doya.

Da muka iso shingen ɗan sandan nan sai muka sallame shi da doya, don zabuwa tana da mai ita. A hanya na yi ta tunanin abin da fitar ta koya min: kafin ka zaɓi harsashi ka san abin da ka fito nema da nisan da zai tashi, sauran abin da ya gifta kuma ka bar shi ya wuce.

La'asar sakaliya muka shigo Garki. Maiɗakina ta fige ta, ta tsince dalmar da ta gani, ta yi farfesu da citta da masoro. Na kai wa Baba da kaina na zauna a ƙasa. Ya shinshina, ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya yagi tsoka. Can sai ya tsaya da tauna. Ya sa yatsa a baki ya fito da ƙwayar dalma guda da ta ɓuya, ya murza ta yana dubawa.

“Huɗu ka sa mata?”

“Huɗu, Baba.”

“Daga nesa ta tashi ke nan. Da shida ce, da gashi za ka kawo min.”

Ya ajiye ƙwayar a gefen faranti, ya cinye naman tas, ya ɗaga kwanon ya shanye romon. Sannan ya miƙo min shi ya ce, “Je ka tambaye ta ko akwai saura a tukunya.”