Dakta Hauwa, wadda ta bi ciwon ɗiyata har rugar Kende

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina wanke kwalaben gwaji ƙanenta ya kira ni: Dakta Hauwa ta rasu.

Sai da na nemi wuri na zauna.

Ita ta koyar da mu ilimin ƙwayoyin cuta a jami'a. A ajinta na fara jin cewa ba daga iyaye kaɗai bakteriya ke gadon hali ba. Wadda ta iya jure magani tana miƙa wa maƙwabciyarta wannan ƙwayar halin kai tsaye, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan Bagudo ka san kasuwar boda. Haka suke, hannu da hannu, ba mai tambayar daga ina ka fito."

Bayan na kama aiki a gida, ɗiyata Safiya ta dawo daga rugar kakanninta da gudawa da zazzaɓi. Magani biyu aka canza, yarinya na ta ƙanjamewa. Na kira Dakta, ta ce:

"A ci gaba da ruwan gishiri da sukari, ka aiko min da samfur yau."

Gwajinta ya nuna maganin da ƙwayar ba ta iya jure wa. Likita ya ba da shi. Safiya ta tashi.

Ba ta tsaya nan ba. Ta zo da kanta har rugar surukina kusa da Kende, ta ɗebi ruwan rijiya da kashin shanu. Ƙwayar halin jure magani da ta gani a samfurin Safiya, ita dai ta tarar. Surukina kan sayo kafson kashe ƙwayoyin cuta daga Benin ya ɗura wa shanu da zarar sun yi sanyi, har ƙwayoyin suka saba da shi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta zauna a tabarma, ta sha fura, ta yi masa bayani da gurgun Fulatancinta har ya yi dariya. Yanzu sai ya kira malamin dabbobi tukuna.

Ganinmu na ƙarshe a tashar Bagudo ne, da damina, tana rungume da kular samfur. Safiya na ta tsere da wata akuya tsakanin motoci. Dakta ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Wannan sakamakon na fi so."

Na gode, Malama.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba 'ya'yanki haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya sa Hauwa a addu'arsa yau.