Bandar Kifi a Hawa na Uku

Wawan wannan labari ni ne, kada mai karatu ya wahalar da kansa da nema.

Lokacin na jima a Dubai ina ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya a Al Ras, ina kwana a International City. Mu shida ne a ɗaki, gado kan gado. Baya ya gaji, gwiwa ta gaji, amma abin da ya fi gundurata kifin teku. Ni mutumin Yawuri ne, na tashi da tarwaɗa da ragon ruwa. Na teku kuwa, ko me aka yi masa, ƙarnin gishirin nan na nan.

Mai gadon ƙasa da nawa wani magidanci ne ɗan Jos, Kirista, kuku a otal. Wata Juma'a ya shigo da kifi biyu cikin ƙanƙara. An fasa wata liyafa, shugaban kicin ya raba musu. Ya ce na kogi ne, daga duwatsun Turai, ruwan da ko yatsa ba ka iya sawa don sanyi. Jikinsa zane-zane kamar dutsen daɓen masallaci. Ya faɗi sunan kifin, na bar masa abinsa.

"Baba, man shanu da lemun tsami kawai yake so, ya ɗan ga wuta a sauke."

Na gyara hula. Na ce, "Kai ɗan nan, Turawa sun koya maka girki, ba su koya maka kifi ba. Kifin kogi banda ake yi masa. Ilimi ne, ba a makaranta ake samunsa ba, shi ya sa na bar makarantar."

Ya tuna mini mai gida ya ce duk wanda ya hura wuta a baranda, khalas, ya kwashe kayansa. Na ce banda ai ba wuta ba ce, hayaƙi ne. Ya shiga wanka, na samo gwangwanin fenti da gawayin shisha, na hura a baranda, na yayyaga kwali na jiƙa na ɗora, na gitta waya a kai na jera kifin.

Hayaƙin bai san hanyar waje ba. Ɗaki ya nufa, ya wuce farfajiya, sai ƙararrawar gobara ta ɗauka. 'Yan China da Indiyawa suka yi ta gangarowa, wani da tawul, wani da jariri. Kifin kuwa ya narke ya manne a waya, yana warin fenti.

Mai gida bai yi dogon zance ba. Ni da kuku, mu bar masa gida ƙarshen mako.

Ranar tashi muna tsaye a tashar bas, kowa da katifarsa a naɗe, rana na dukanmu. Na ce, "Kwalin ne bai da kyau. Da itacen gida ne..."

Ya juyo ya dube ni.

"Baba, tsakaninka da Allah, a Yawurin ka taɓa yin banda da hannunka, ko ci kawai kake yi?"