Birkin da Na Kai a Cire Min

Saniya ce kawai ta faɗo mana kan kwalta tsakanin Kabo da Gwarzo, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba. Ina kan babur ɗin da na saya na hannu tun da tsadar fetur ta sa na jingine mota, Kawu Sale yana bayana.

Mu dai tun muna koyon tuƙi ake ce mana kada mu taɓa birkin gaba, kifar da mutum yake. Amma tsoro ya sa na damƙe shi, na kuma take na ƙafa. Sai na ji birkin yana karkarwa a hannuna. Babur ya tsaya cak, a miƙe. Har hucin saniyar na ji a gwiwata.

Muna shiga Gwarzo na zarce wajen Malam Habu makanike. Na ce, "Birkin nan ya lalace, rawa yake. Cire min wayarsa."

Ya ce, "Kun faɗi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To rawar nan ce ta hana. ABS ake ce mata. Kama taya take tana saki, da saurin da hannunka ba zai iya ba, don kada ta kafe ta zame da ku."

Kawu ya riƙe baki. "Ikon Allah! Ashe ƙarfe ya fi mu natsuwa."

Abin da Allah ya yi sanadin tsirarmu da shi, shi na kai a cire da hannuna. Cikinku wa ya taɓa jin wannan karkarwar?